Gidan da Aka Killace

A ƙasan ginin wani kamfanin jigilar kaya, bayan ka wuce inda ake ajiye tsintsiya da bokitai, akwai wata ƙofar ƙarfe da ba a rubuta komai a jikinta ba. A nan take aiki. Ɗaki ne marar taga, sanyinsa kamar cikin randa, kullum na'urori na ta gunaguni ƙasa-ƙasa, ƙananan fitilunsu kore da ruwan goro suna ƙifta ido. Ko rana na dukan tsakar kai a waje, ita da rigar sanyi za ka same ta, da kofin shayi da ya daɗe da hucewa ba ta sani ba.

Mutanen sama suna ce mata Mai Rariya. Sunan ya kama ta har sababbin ma'aikata suna zaton da shi aka raɗa mata. Dalilinsa kuwa, duk saƙon imel da zai shigo kamfanin sai ya bi ta cikin wata na'ura da ke gabanta, wadda 'yan sana'ar ke kira saba, kuma a cikin sabar akwai manhajar da ke binciken bairos, wato cutar kwamfuta. Ita ce mai saita wannan manhaja. Ita ke gaya mata abin da zai wuce da abin da zai tsaya, da abin da za a yi da wanda ya tsaya ɗin.

A nan ne fa halinta yake fitowa. Manhajar tana ba mutum zaɓi a kan duk fayil ɗin da aka liƙo wa saƙo idan an kama shi: ko a gwada wanke shi, ko a mayar wa mai shi, ko a killace shi a wani lungu da ba zai taɓa kowa ba, ko a goge shi a huta. Yawancin masu irin aikinta gogewa suke zaɓa, don shi ne ba ya cin wuri, ba ya kawo surutu. Ita kuwa tun ranar da aka damƙa mata sabar ba ta taɓa yarda da wannan ba. Ta raba kamammun gida biyu. Akwai mai cuta na gaske, akwai kuma wanda aka tare kawai don kamanninsa ba su yi wa manhajar ba, ko ya cika girma, ko an kulle shi da kalmar sirri ba a iya leƙa cikinsa. Takan ce wannan na biyun ba shi da laifin komai, baƙo ne da ya zo da rigar da mai gadi bai saba gani ba, sai ta duba shi da idonta ta sake shi. Mai cutar kuma sai a gwada wanki, in ya ƙi wankuwa a kai shi ɗakin killacewa ya zauna. Ta kuma hana manhajar aika wa mai aikowa gargaɗi, don ta lura sau da yawa sunan na aro ne, sai a je a tayar wa bawan Allah hankali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Har sanarwar da ake maƙala wa saƙo a madadin fayil ɗin da aka cire, sai da ta sake ta. Ta asali wata doguwar magana ce mai tsoratarwa, da manyan baƙaƙe, kamar an kama mutum da kayan sata. Ta share ta rubuta tata: “An cire abin da aka haɗo miki ko maka da wannan saƙo, saboda ba shi da lafiya. Bai ɓata ba, yana nan a ajiye. A sauko ƙasa mu gani.”

Kuma ana saukowa. Wanda ya fi kowa zarya shi ne shugaban direbobi, mutum mai tumbi da kyakkyawar zuciya, wanda in aka aiko masa saƙo cewa ya ci kyautar jirgin ruwa sai ya danna ya ga launinsa.

“Mai Rariya, kin sake cinye min kaya,” in ji shi daga bakin ƙofa, yana murza hannu don sanyi.

“Ban ci ba, Yallaɓai, ga shi can a kwance. Wa ka sani a ƙasar da aka aiko shi?”

“To, ai mutum ba ya sanin inda masoyinsa yake.”

“Wannan masoyin da na bar shi ya shigo, da yanzu motocinka duk sun manta hanyar gida.”

Sai ya yi dariya har tumbin na rawa, ya hau sama, jibi ya dawo.

Ba da wannan aikin ta fara ba. Buga takardu aka ɗauke ta yi tana budurwa, a wani teburi kusa da matakala. Sai aka lura in injin buga takarda ya cije, ita ce ke buɗe cikinsa ba tsoro. Daga nan mai kula da kwamfutoci na lokacin ya riƙa aikenta ƙasa ta duba masa wannan ta kunna masa wancan, tana tambaya yana amsawa rabi-rabi, tana cike sauran da karatun kanta. Da ya sami wani aikin ya tafi, aka duba aka ga ba wanda ya san hanyar ɗakin sai ita.

A ɗakin nan mijinta ya fara ganinta. Mai zanen gine-gine ne, an kira shi ya auna ƙasan ginin don ana so a yanka wani sito. Ya turo ƙofar ƙarfen da tef ɗin awo a hannu da fensir a bayan kunne, ya dubi bango huɗu, ya dubi rufi, sannan ya dube ta.

“Wane marar imani ne ya ajiye mutum a ɗaki ba taga?”

“Na'urorin ba sa son rana,” ta ce, ba ta ko ɗago ba.

“Na'urorin na ji. Ke fa?”

Awon da ba ya wuce yini ɗaya sai da ya ci mako, don kullum akwai kusurwar da ya manta. Kafin shekara ta zagayo an yi aure. Suka kama haya a wani bene mai hayaniya, ɗaki biyu da baranda da ba ta ɗaukar fiye da kujera da igiyar shanya. Suka haifi 'ya ɗaya, wadda tun tana rarrafe take jera gwangwanayen madara ɗaya kan ɗaya tana kuka in sun zube, uban ya laƙaba mata Injiniya. Da tafiya ta yi tafiya suka sami fili a bakin gari, inda kwalta ta ƙare, suka kafa masa duwatsu a kusurwoyi. Ranar hutu sukan je su tsaya a cikin ciyawa, shi yana zana ɗakuna a iska da yatsa, Injiniya na bin fara.

Amma zanen a takarda ya ƙi zuwa. Mutumin da ya zana wa rabin gari gidaje, nasa kullum sai gobe. In ta yi masa tsiya sai ya ce, “Ki bar ni, uwar Injiniya. Na mutane da hannu nake yi, naki sai na zauna.”

Bai zauna ba sai da aiki ya kai shi wani ƙauye mai nisa, inda ake gina makaranta. Can ne, babu hayaniya babu baƙi, ya gama shi a kwamfutar wani shagon buga takardu, irin wadda kowa ke soka mata ɗan abin ajiyar fayilolinsa ya zare. Daga nan ya turo mata ta adireshinta na ofis. Tana zaune da rana tsaka saƙon ya faɗo, da sunansa, da kan magana: “Gidanmu.” Ta buɗe tana murmushi, sai ta ci karo da maganar kanta. An cire abin da aka haɗo miki. Bai ɓata ba, yana nan a ajiye.

Ta yi dariya har da hawaye, ta kira shi a waya.

“Maigida, gidanka ya zo, amma da zazzaɓi. Rariyata ta tare shi.”

“Kai! Har ni? Mijin mai rariyar?”

“Ba ta san miji ba. A ina ka yi shi?”

“A shagon wani mutum. To ki buɗe ta bayan gida mana, ai ke ce da makulli.”

“A'a. Ka dawo ka nuna min da bakinka. Ina so in ji ƙaryar da za ka yi a kan kowane ɗaki.”

“Shi ke nan. Kar ki leƙa fa, kin yi alkawari.”

Zazzaɓin da ta yi wa fayil tsiya da shi, shi ne ya kama mai fayil ɗin a makon. Kafin a kawo shi babban asibiti rai ya yi halinsa. Jakarsa ta dawo da tef da fensirori da riguna, ba ta dawo da zane ba. Da aka aika shagon, aka ce kwamfutar ta lalace an wanke ta tas. Gidan bai rage a ko'ina a duniya ba sai a ɗakin killacewarta, tsakanin takardun ƙarya na masu rabon jirgin ruwa.

Da ta gama takaba ta koma aiki, abu na farko da ta yi shi ne ta shiga saitin. Akwai wa'adin da ake ɗibar wa killatattun fayiloli, in ya cika manhajar ta share su da kanta. Sauran ta bar su da wa'adinsu, wannan ɗaya ta ɗaga shi ta sa masa alamar kada a taɓa. Duk sanda aka sabunta manhajar takan tura shi wanki, ko an sami maganin cutarsa, kullum amsa ɗaya ce: ba ya wankuwa. Gaskiyar magana, in ta ga amsar har wani sanyi take ji a ranta. Ta san hanyar buɗe shi ba tare da ya cutar da kowa ba, wannan ba abin wahala ba ne a wurinta. Ba ta so ne kawai. Muddin yana rufe, mijinta yana da sauran magana da bai gaya mata ba.

Haka ta riƙa zama da gidan shekara da shekaru. Da la'asar, in saƙonni sun lafa, takan buɗe jerin killatattu ta gangara har kan layinsa, ta jingina da kujera, gunagunin na'urori ya zama kamar iska a cikin ganye. Sai ta tura ƙofar gidan ta shiga. Wata rana zaure ne dogo mai sanyi, wata rana kai tsaye tsakar gida za ta faɗa, da bishiya a tsakiya wadda ba ta san sunanta ba. Ɗakunan ba sa tsayawa wuri ɗaya. Yau kicin yana gabas, gobe ya koma bayan matakala, matakalar kuma in ta hau sai ta tarar da wani bene da jiya babu shi, da labule fari yana kaɗawa. Ba ta taɓa ganin mijin a ciki ba, amma kullum akwai alamar yanzun nan ya fita: fensir a kan taga, ƙofa tana lilo, ƙamshin sabulunsa. Sai wayar tebur ta yi ƙara, shugaban direbobi ne, an sake cinye masa kaya.

Injiniya ta girma a benen hayan nan, ta yi karatu, kuma sunan ya bi ta, don aikin gini ta karanta. Ta san da fayil ɗin. Tun tana yarinya take tambaya, uwar na cewa ba shi da lafiya tukuna, har ta gane cewa ba fayil ɗin ne ba shi da lafiya ba, ta daina. Da maganar aurenta ta taso, ita da saurayin suka ce su fa filin nan za su gina, su ɗauke Mama daga hawan bene, tunda gwiwoyinta sun fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ana cikin haka sabon manaja ya sauko ɗakin da kansa, mutum mai ladabi, ya gaishe ta da girmamawa ya ƙi zama. Ya ce an yanke shawara za a mayar da imel ɗin kamfani hannun wasu masu wannan sana'a a waje, sabar ta tsufa, ƙarshen wata za a kashe ta a wanke. Ita kuma za a hau da ita sama ta riƙa kula da sabon tsarin.

“Akwatunan saƙon mutane duk za a kwashe, Hajiya, ba abin da zai ɓata.”

“Ɗakin killacewa fa?”

“Wannan kam ba sa karɓa. Sun ce duk abin da ke da cuta ba zai shiga wurinsu ba. Ke ma ai ba za ki karɓa ba.”

“Gaskiya ne,” ta ce. “Ba zan karɓa ba.”

Tana iya kwafe shi a wani ɗan abin ajiya ta jefa a jaka, ta sani. Ta ɗauko ɗaya ma, ta juya shi a hannu ta mayar. Ita da ta yi rayuwarta tana hana mutane yawo da cuta a aljihu, kuma ta san halin irin abin nan, wata rana jika zai tsince shi ya soka a wani wuri, ko ya mutu shiru a cikin durowa ba wanda ya sani. Ban da haka, a ɗakin nan gidan yake. Ba ta jin zai yarda ya bi ta sama.

Da ta koma gida da yamma ta gaya wa 'yarta, suna tsaye a baranda suna kwashe shanya.

Injiniya ta ci gaba da ninke zani. Can ta ce, “Mama, magini yana ta tambayata zane. Zan iya yin nawa, ba wuya. Amma ni gidan Baba nake so.”

“In kuma bai yi kyau ba fa?”

“Sai mu zauna a cikin marar kyau.”

“Na yi masa alkawari ba zan leƙa ba sai ya dawo.”

“To ni ban yi ba. Ki zauna a gefe, ni in buɗe, in kin ga dama ki juyo.”

Ranar hutun ƙarshen mako suka je, da hantsi, ginin ba kowa sai mai gadi. Mai Rariya ta ciro wata tsohuwar kwamfutar cinya daga ƙasan kabad, ta kwance bayanta ta zare abin da take kama intanet da shi, ta toshe duk ƙofofinta in ban da ɗaya. Sannan ta koma kan sabar ta cire alamar kada a taɓa. Ta fitar da fayil ɗin ta kai shi tsohuwar kwamfutar, ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Injiniya ta baje farar takarda da fensir da abin ja layi, don ba abin da zai fita daga kwamfutar nan sai ta ido da hannu.

Ta ji dannawar. Ta ji injin tsohuwar kwamfutar ya ɗau kuka. Sannan ba ta ji komai ba, har shirun ya yi yawa.

“Ke, lafiya?”

“Mama,” in ji Injiniya, “ya yi min kanta a ɗakina. Ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa. Ya rubuta wai ta gwangwanaye.”

Ai ba ta san sanda ta juyo ba.

Gidan ƙarami ne. Wannan ne ya fara dukanta. Babu bene, babu dogon zaure, babu bishiya. Ɗakin kwana biyu, falo, kicin, banɗaki, 'yar tsakar gida da wurin shanya, gidan mutum mai auna aljihunsa. Duk benayen da ta hau shekarun nan suka sauka a hankali suka shige cikin layukan nan baƙaƙe, ta ji baƙin ciki, har da ɗan haushin mijin, wai wannan ne ya sa ta jira. Sai idonta ya kai kusurwar gabas. Wani ɗan ɗaki ne ya fito daga jikin gidan kamar an manna shi daga baya, bai fi a sa tebur da kujera ba, amma bangonsa uku kusan duk a buɗe suke, layi biyu-biyu irin na taga daga wannan kusurwa zuwa waccan. A tsakiya ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: na uwar Injiniya, ba na'ura ko ɗaya.

Ta sa yatsa a kan gilashin ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar da jakar ta dawo, 'yarta na riƙe da kafaɗarta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ta zane, don cutar ta farka, allon ya fara ƙyaftawa yana buɗe wasu abubuwa da ba wanda ya kira su. Injiniya ta kwashe awo, ta kwashe kauri da faɗi, ta kwashe kantar gwangwanaye ba ta ɗaga ta ko da taƙi ɗaya ba. Da ta zo ɗan ɗakin sai ta tsaya, aikinta ya motsa.

“Mama, tagogin nan sun yi yawa. Magini zai yi gardama, zai ce bangon ba zai ɗauki rufi ba. Kuma rana za ta dame ki da safe.”

“Zai ɗauka?”

“In na sa ginshiƙai a kusurwoyi, zai ɗauka.”

“To ki sa. Ranar kuma ki bar ni da ita.”

Ba a jima ba allon ya daskare, ya yi shuɗi, ya mutu. Mai Rariya ta rufe kwamfutar ta ɗaure ta da igiya, ta liƙa mata takarda cewa a wanke kafin a kunna. Sannan ta koma gaban sabar, ta gangara jerin killatattu har layin da ta fi sani a duniya. Ta zaɓi a goge shi, manhajar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta amsa da i. A duk shekarunta a ɗakin nan ba ta taɓa danna gogewa da hannunta ba, sai da ta nemi inda maɓallin yake.

Suka fito. Ta cire rigar sanyi a bakin matakala ta rataya a hannu, Injiniya na gaba da takardar a naɗe, tana riƙe da ita sama-sama kada ta lanƙwashe. A waje hasken ya yi mata yawa, ta tsaya tana ƙifta ido, ba ta kare fuskarta ba.